In Aka Tambayi Unguwa, Da Me Za Ta Ce a Fara?

Jawabin da aka gabatar a wani zaman matasa a Damagaram



An ce in yi magana a kan abin da mazauna unguwa suka fi bukata ta fuskar muhalli, tsaro da ayyukan da hukuma ke yi wa jama'a. A ofis, waɗannan abubuwa kowanne da teburinsa: wannan na masu kula da filaye, wancan na ƴan sanda, ɗayan na meri. Amma a cikin unguwa a cuɗe suke. Ni da wasu abokaina mun ɗan zagaya unguwarmu gida-gida, tambaya ɗaya muke yi: in da za a gyara abu guda bana, wanne kike so, wanne kake so? Abin da muka ji shi zan faɗa muku, haɗe da nawa ra'ayin, don ni ma ɗan unguwar ne, ba ɗan kallo ba.

Ba na jin akwai wanda zai yi mamaki in na ce ruwa ne ya zo a gaba. Matsalar ta girmi kakanninmu. Damagaram ce hedikwatar mulkin Turawa a ƙasar nan har zuwa 1926, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar da aka ɗauke ta aka kai Yamai, bakin kogi. Garin a kan dutse yake zaune. Waɗannan manyan duwatsun da muke hawa muna ɗaukar hoto, irinsu ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunmu, shi ya sa mutum zai haƙa rijiya ya gaji bai tarar da abin kirki ba. Ruwan da ke zuwa pampo daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Duk wani sabon gida da aka gina a bakin gari, ƙarin baki ne a kan tulun da tun asali bai cika ba.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba mu cika zama mu lissafa ba shi ne kuɗin da rashin ruwan ke ci, da kuma aljihun da yake ci. Ku ɗauko waya mu yi tare. Mita kib ɗaya na ruwa lita 1,000 ne, wato bido 40 na lita 25. In kana sayen bido dala biyar, mita kib ɗinka ya tashi jika ɗaya. In bazara ta matsa, ɗan ga-ruwa ya ce dala ashirin, ya tashi jika huɗu. Yanzu je ka roƙi maƙwabcinka mai kontar a gida ya nuna maka faktir ɗinsa: a matakin farko na farashi, mita kib bai kai dala arba'in ba. Kun gani? Wanda ba shi da halin jawo pampo, shi ke biyan ruwa ninkin-ba-ninkin abin da mai hali ke biya. Kuma kada wani ya ɗora wa ɗan ga-ruwa laifi. Shi ma layi ya bi tun asuba, ya turo kura cikin rairayi har ƙofar gidanki. Guminsa yake sayarwa.

Wata uwa ta ce mini ita tsadar ba ta dame ta kamar lokacin ba. Ruwan layinsu ba ya zuwa sai tsakar dare, wani lokaci ƙarfe biyu, wani lokaci uku, wani lokaci a kwana ana jira bai zo ba. To wa ke tashi? Ita da ƴaƴanta mata. Yarinyar da ta kwana a bakin pampo ita ce za ta zauna a aji da safe tana gyangyaɗi, malam ya ce ba ta da ƙoƙari. Kuma ita ce ke bin lungu mai duhu da bido a ka a lokacin da ba kowa a waje sai wanda bai kamata ta haɗu da shi ba. Ashe tun kafin mu buɗe babin tsaro mun riga mun shige shi. Uwar nan ba ta nemi a ƙaro mata ƴan sanda ba. Cewa ta yi a sanar da su ranar da ruwa zai zo da sa'ar da zai zo, kuma in an faɗa a cika. Wannan bukata ba ta neman sabon shato, tsari take nema da faɗin gaskiya.

Ga wani abu da ya kamata kowane matashi a nan ya riƙe. Harkar ruwan birni hannu biyu ke riƙe da ita. SPEN ce mai kayan aiki, ita ke da alhakin manyan gine-gine da faɗaɗa hanyoyin ruwa. Rarraba ruwan da karɓar kuɗi kuwa, tun farkon 2024 yana hannun NDE, wadda ta gaji SEEN. In layinku ba bututu sam, ƙofar da za ku ƙwanƙwasa daban, in akwai bututu ruwa ne ba ya zuwa ko yana tsiyaya a titi, ƙofar daban. Sau da yawa takardar koke kan mutu a hanya don an kai ta inda ba nata ba.

To, garin da ke kukan ƙishirwa a watan Afrilu, shi ne ke kukan ambaliya a watan Agusta. Damina ta 2024 ba mai mantawa da ita. A faɗin ƙasa kusan mutum 400 suka rasu, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya, har aka ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, don azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma mutanen da gidajensu suka rushe ne ke kwana a ciki. A nan Birni, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin da aka gina tun ƙarni na 19 ya faɗi, muna kallo a waya. Na ji wasu suna cewa ai ginin ƙasa ne, dole ya faɗi. Ni ban yarda ba. Ginin da ya haura shekara ɗari da hamsin a tsaye ba za a ce masa rago ba. Ginin ƙasa yana da sharuɗɗa: a yi masa yaɓe kafin damina, indararo ya jefa ruwa nesa da bango, kuma kada ruwa ya kwanta a gindinsa. Sharaɗi na ƙarshen nan shi ya fi ƙarfin mai gida shi kaɗai, don ruwan da ke kwanciya a gindin bangonka daga saman unguwa ya gangaro.

Dattawan unguwarmu sun san hanyar ruwa kamar yadda suka san hanyar masallaci. Wani tsoho ya tsaya da mu a bakin wani layi, ya nuna da sandarsa, ya ce nan da kuke gani tabki ne, a nan suka koyi iyo. Yau gidaje ne a jere. An cike tabkin da shara da ɓaraguzai, an yanka farsel, an sayar. Ruwa kuwa bai san an sayar ba, duk shekara sai ya dawo gidansa. Inda aka yi kanibo, leda ta toshe shi, alhali tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin wannan ledar da sayar da ita. Ku leƙa kasuwar Dole ku gaya mini ko dokar tana aiki. Kuma a nan ba zan rufa mana asiri ba: hukuma ba ta zo da dare ta zuba shara a kanibo ba, daga gidajenmu ta fito. Amma kuma matar da ba a ba ta wurin zubarwa ba, kuma ba amalanken da ke zuwa kwashewa, ina ake so ta kai?

Bari in ɗan ratse. Ruwan saman da ke sauka a garin nan a shekara yana kai kimanin milimita 400. Rufin kwano mai faɗin mita 50 murabba'i, in an tare abin da ya zubo a kansa, lita 20,000 ne, bido 800 ke nan. Ba zai raba gida da sayen ruwa ba, kuma ba na sha ba ne sai an tace an gyara. Amma na wanki da wanka fa? Kuma duk litar da ta shiga tanki, ba ta je gindin bangon maƙwabci ba. Ina mamakin yadda muke kashe kuɗi a kan ƙofar ƙarfe mai ado, mu bar indararo yana zuba a titi.

Sai maganar gida kanta. A nan ne amsoshin suka fara rabuwa, kuma rabuwar ta koya mini abu. Masu gida takarda suke so. Da yawa a bakin gari sun sayi fili a hannun mai gona, da shaidar mai gari ko mai unguwa, tun kafin a zo a yi lotisma. Ba su da acte de cession na meri, balle titre foncier. Mutum ya zuba duk abin da ya tara a gini, amma kullum gabansa na faɗuwa kada ranar da za a fitar da titi a ce ɗakinsa a kan hanya yake. Wanda ke cikin wannan zullumi ba zai kashe kuɗi ya ɗaga fandisho ko ya haƙa masai mai kyau ba, kuma da wuya a jawo masa ruwa ko kuran yadda ya dace. An rage kuɗin siminti a watan Oktoba na 2024, an kyauta, amma buhun siminti ba ya maganin fargabar rusau.

Ƴan haya kuma nasu daban ne, kuma su ne ba a cika gayyata taron unguwa ba, wai su baƙi ne. Wane irin baƙo ne ya shekara goma a layi, ƴaƴansa duk a nan aka yanke musu cibiya? Ɗalibai ne na jami'ar André Salifou da ke cunkushe su huɗu su biyar a ɗaki, ƙananan ma'aikata ne, zawarawa ne da marayunsu, mutanen ƙauye ne da suka zo cin rani suka zauna. Galibi ba takarda tsakaninsu da mai gida, magana ce ta baki. Rufi na yoyo, ka yi magana a ce in ba ka so ka tashi, akwai mai jira. Gida mai ɗaki takwas, masai ɗaya. In bango ya faɗi aka zo rubuta sunayen waɗanda za a taimaka wa, sau da yawa sunan mai gida ake rubutawa, alhali katifar ɗan haya ce da buhun hatsinsa ruwa ya ci. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To a gidan haya, wanda ke kwana a ɗakin shi ne ya sani, mai takardar yana can wata unguwa.

Ni a ganina, ko ba a jira wata sabuwar doka ba, unguwa na iya sa wa kanta ƙa'ida: duk haya a rubuta ta, ko a takardar kaye ce, da shaidu biyu, a faɗi kuɗi, a faɗi wanda gyaran rufi ke kansa, a faɗi wa'adin da za a ba mutum kafin a tashe shi. Mai gida ma ta kare shi, don akwai ƴan hayar da ke tara wata shida su sulale da dare.

Yanzu tsaro. Da an ce tsaro a Damagaram, sai a ce ƴan palais, da an ce ƴan palais sai a ce Kara-Kara. Wanda ya kalli fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021, mai suna Zinder, ya ga ƙarfin jiki da tabon wuƙa, gaskiya ne. Amma ya kuma ga mutane suna fasa dutse da hannu don su ci abinci, ya ga masu jigilar man ruwa-ruwa suna sayar da ransu a kan hanyar iyaka. Unguwa ce da tun farko aka ware don kutare da waɗanda gari ya ƙi, sannan aka dawo ana tambayar me ya sa jikokinsu ke fushi. Ba ina wanke wanda ya tare mutum ya ƙwace masa waya ba ne. Wanda aka sara ya san zafin, kuma hukunci haƙƙinsa ne. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da sunan unguwa ya zama laifi, har yaro ya je neman aiki ya ɓoye inda yake kwana.

Da muka tambayi mutane me ke hana su barci, amsoshin ƙanana ne, kuma a kusa suke. Lungun da ba fitila. Kangon da mai shi ya saya ya kewaye ya tafi shekara da shekaru, ya zama wurin shan ƙwaya. Jarkokin fetur da ake ajiyewa a ɗaki ɗaya da yara, kusa da murhu. Layin da ya ƙuntace har motar pompiye ba ta iya shiga, ko ka kira 18 sun zo, sai dai su tsaya a bakin titi suna kallon hayaƙi. Mace mai naƙuda da dare a watan Agusta, hanya ta yanke, ba adaidaitar da za ta yarda ta shigo. An ce awon yara ƴan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta ne tun 2006, an kuma rage kuɗin asibitocin gwamnati a 2024, amma sai ka isa asibitin tukuna.

Maganar fitila, mun ɗanɗana a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke mana kuran bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Mun ga yadda dare ke tsawo. Fitilun kan titi masu aiki da hasken rana ba su san wannan rigimar ba. Matsalarsu ɗaya: bayan an yi bikin kafa su, ba wanda aka ce shi ne mai su. Batir ya mutu, ko wani ya kwance shi, shi ke nan sai ƙarfe a tsaye. Ga fada a kowace kusurwa, samari na shan shayi har ƙarfe ɗaya. In aka damƙa wa kowace fada fitilun layinta a rubuce, da sanin mai unguwa, ita ke lura, ita ke kai rahoto in ta lalace, ina ganin za a ga bambanci. Amma a tsaya nan. Ban goyi bayan a ba samari sanda a ce su yi sintiri suna dukan wanda suka ga dama ba. Mun san yadda irin wannan ke ƙarewa: wanda aka fara duka ɓarawo ne, na biyu baƙo ne, na uku wanda ake jin haushinsa ne.

Za ku ce to ba a yi wa garin komai ba ne? An yi. A 2018 an yi Zinder Sabuwa, bikin 18 ga Disamba ya zo nan, an shimfiɗa godoro, an yi gine-gine, tsakiyar gari ta yi kyau, ni ma ina jin daɗin bi. Sai dai aikin da ake yi don baƙi su gani, hanyar da baƙi za su bi yake bi. Matatar SORAZ tana aiki tun 2011 a arewa da mu, muna ganin tankoki na wucewa. Ba laifi ba ne matar da ke jiran pampo ƙarfe uku na dare ta tambayi ina rabonta.

Abin da ya fi ba ni wahala a zagayen nan shi ne gane cewa unguwa ba baki ɗaya take magana ba. Masu babur da ƴan kasuwa pave suke so. Samari filin ƙwallo, don wanda suke bugawa an yanka shi. Masu gida takarda, ƴan haya rufi, mata ruwa. In aka kira taro bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, maza masu gida ne za su cika tabarma, kuma abin da za a rubuta a kai wa hukuma shi ne pave. Ba ƙarya suka yi ba, suna bukatarsa. Amma an tambayi rabin unguwa ne aka ce unguwa ta ce. Mu da muka shiga cikin gidaje, tare da ƴan'uwanmu mata da suka yi mana jagora, lissafin ya juye. In an tambaye ni yadda za a jera, ni ma'aunina shi ne: wanne ne in an bar shi zai kashe mutum ko ya rusa masa ɗaki bana? Da wannan ma'aunin, hanyar ruwan sama da ruwan sha suna gaban pave. Kuma pave ɗin da aka shimfiɗa ba tare da an fitar wa ruwa hanya ba, ya kan ɗaga titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan ya koma ɗakunan mutane.

Wa za mu kai wa kukan? Tun watan Afrilu na 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa, aka naɗa wakilan gudanarwa a kan birane da kwaminoni. Ke nan kansilan da kuka sani a layinku, wanda za ku tare a wurin suna ku yi masa ƙorafi, ba shi kan kujera. Ofisoshin dai suna nan, a gundumomi biyar na birnin, masu unguwanni suna nan, fadar Sarkin Damagaram tana nan. Amma wanda ba ƙuri'arka ta kai shi ba, surutu ba ya motsa shi kamar hujja a rubuce.

Don haka ga aikin da nake roƙon kowace fada da kowace ƙungiyar ƴan mata da ke nan ta ɗauka. Ku sayi kaye ɗaya na dala ashirin ko talatin. A shafin farko ku rubuta sunan layinku. Kullum a rubuta: ruwa ya zo ko bai zo ba, ƙarfe nawa ya zo, ƙarfe nawa ya ɗauke, nawa aka sayi bido yau. Wata ɗaya kawai. A bayan kayen, ku ɗauki dattijo ɗaya ku bi layin da shi, ya nuna muku inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya, ku zana, ku sa alama a gidajen da bangonsu ya jiƙa bara, har da na ƴan haya, da sunan wanda ke kwana ciki in ya yarda. Ku ƙirga fitilun da ke ci da waɗanda suka mutu. Kada ku ƙara ko ɗaya don abin ya yi nauyi, ƙarya ɗaya in an kama ta, ta kashe sauran shafukan.

Wannan aikin kafin ruwan farko ya kamata a gama shi, don yasar kanibo a watan Mayu ake yi, in an kai Agusta sai dai kwashe kaya. Waɗanda suka shirya ɗaukar kaye su tsaya bayan an tashi, mu raba layuka, don kada fada biyu su rubuta layi ɗaya a bar wani ba kowa. Iyayenmu mata da ke nan, muna roƙon ku ba mu ƴaƴanku mata su shiga cikin aikin, don akwai gidajen da mu maza ba za mu wuce zaure ba.